Kafin ka kashe kuɗinka a kan fentin mai

Tambaya: Na yi ritaya, kuma na daɗe ina zane da fensir. Yanzu ina so in gwada fentin mai, in zana duwatsu da bakin kogi da 'yan kayan da ke kan tebur. Na ga akwati mai launi 24 da araha, na kuma ga bututu ɗai-ɗai masu tsada. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a hutun. Ka ƙyale akwatin nan. Fentin mai garin launi ne da aka kwaɓa da mai, galibi man linsid, wanda ake tatsa daga ƙwayar wani tsiro. Mai arahar an rage masa garin, an cike gurbin da abin ƙara auki, shi ya sa da ka haɗa shi da fari sai ya koɗe, ka yi ta matsawa ba ka ga launi ba.

Bututu biyar masu kyau sun ishe ka: farin titaniyom, shuɗin ultramarin, rawaya mai haske, ja, da ruwan ƙasa mai duhu. Farin ka sayi babba, don shi ne zai fara ƙarewa. Ka juya bututun ka duba lambar garin launin da ke jikinsa: PW6 shi ne farin titaniyom, PB29 kuma ultramarin. In ka ga lambobi uku ko huɗu a bututu ɗaya, haɗi ne, kuma in ka sake haɗa shi da wani yakan koma kamar taɓo. Anders Zorn, mai zanen nan na Suwidin da ya rasu a 1920, har yau da sunansa ake kiran haɗin launi huɗu kacal: fari, baƙi, ja da rawayar ƙasa. Ina son mai koyo ya fara da kaɗan saboda dole ta sa shi ya haɗa korensa da hannunsa. A nan ne ido yake buɗewa, mutum ya gane koren ganyen da rana ta doka daban yake da na ƙarƙashin inuwa.

Inda za ka yi tsimi shi ne abin da za ka yi zanen a kai. Ƙananan allunan katako da ka shafa wa geso, wato farin shafin share fage, sau biyu ko uku sun wadatar. Kada dai ka ɗora fenti a kan ƙyalle tsirara, man yana cinye zaren a hankali.

Tambaya: Na zana kwalba da lemo biyu da ke ajiye a kan farin ƙyalle. Bayan 'yan watanni wajen inuwar ya tsattsage. Fentin ne ba shi da kyau? In sayi banish in rufe?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu, na san zafin wannan. Amma ina zargin tsarin shafawar, fentin bai yi laifi ba. Fentin mai ba ya bushewa kamar ruwa. Iska yake sha, man ya daskare sannu a hankali, saman ya yi fata alhali cikin da sauran danshi. In kin shimfiɗa mai kauri, mai yawan mai a ƙasa, kika ɗora siriri a kai, na saman zai riga ƙamewa, na ƙasan yana ta motsi, sai ya yage shi. Don haka shafin farko ya zama siriri, kowane shafi na gaba ya ɗara na baya mai. Launukan ma ba tafiyarsu ɗaya ba: ruwan ƙasa mai duhu kan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu, fari da jan kadmiyom sai su ɗauki kwanaki.

Banish ba ya ɗinke tsaga. Kuma ba a shafa shi sai zane ya yi wata 6 zuwa 12. Ki ajiye wannan, ki jera kwalbar nan kusa da taga inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, ki sake. Ki dubi gindin lemon da kyau, za ki ga farin ƙyallen ya mayar masa da ɗan haske a cikin inuwar. Giorgio Morandi na Italiya ya shafe rayuwarsa yana zana kwalabe da tuluna, yana sauya musu wurin zama kawai.

Tambaya: Ɗakina ƙarami ne, ga yara. Warin yana damuna.

Amsa: Warin daga tafentain yake, wato ruwan da ake tsinka fenti da wanke burushi da shi, fentin kansa warinsa kaɗan ne. Akwai fentin mai da ake wanke burushinsa da ruwa da sabulu, kamar Artisan na kamfanin Winsor & Newton. Shi za ki nema, kuma taga ta zauna a buɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsumma. Wanda ya jiƙe da man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi har ya kama da wuta da kansa. Ki shanya shi a waje a baje, ko ki nutsar da shi cikin gwangwanin ruwa mai murfi. Bututun kadmiyom kuwa, da yake yana da guba, a ɗaga su inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Tambaya: In sayi akwatin zane mai ƙafafu don fita daji, ko in ci gaba da kwafa daga hoton waya?

Amsa: Ka fita, amma kada ka saya tukuna. Tun da John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun fenti a 1841, ɗaukar launi zuwa fili ya zama abu mai sauƙi. Allo kamar tafin hannu biyu, burushi uku da kujera sun isa. Waya tana baƙanta inuwa, tana cinye shuɗin da ke kan tsauni mai nisa, wanda idonka zai gani ƙarara. Ka ba kanka awa biyu, don bayan haka rana ta gusa, inuwa ta koma wani gefen. In ka fita sau goma ƙafarka ba ta gaji ba, to ka koma ka sayi akwatin.