Kafin ka goge Windows, fara gwada Linux a filashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ina zaune a Yalwa, Bauchi. Na sayi laftof ta hannu, HP EliteBook 840 G3, amma ta ƙi karɓar Windows 11. Abokina ya ce in saka mata Linux. Yaya zan gane komai zai yi aiki kafin in goge abin da ke cikinta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka bai ɓatar da kai ba. Linux manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar Intel (processor) daga zubi na 8 zuwa sama, taka kuma zubi na 6 ce. Injin lafiyarsa ƙalau, ba na so ka jefar da shi.

Ba sai ka goge komai ba kafin ka gani da idonka. Samo filashi mai 8GB, sauko da Ubuntu 24.04 ko Linux Mint (duk nau'o'in Linux ne), ka ɗora shi a filashin da manhajar Rufus. Ka tuna duk abin da ke filashin zai tafi. Kashe kwamfutar, soka filashin, kana kunnawa ka riƙa danna F9 (masu Dell da Lenovo galibi F12 ne), sannan ka zaɓi gwaji, ba girkawa ba. Linux zai tashi daga filashin, bai taɓa fayilolinka ba.

To a nan ne nake so ka zauna, kada ka yi gaggawa. Fara da Wi-Fi, domin shi ya fi ba mutane ciwon kai. Sunan da ke bayan laftof ba ya faɗa maka komai a nan. Ka ga biyu iri ɗaya, ɗaya da katin Intel, ɗaya da Broadcom, balle na hannu da ba ka san abin da aka canja musu ba. Na Intel yawanci kamawa yake nan take, Broadcom kuwa sau da yawa sai an ƙara masa direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Buɗe Terminal, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lspci, za ka ga sunan katin. In bai kama ba, haɗa wayarka da kebul ka ba laftof ɗin intanet, a Ubuntu ka shiga Additional Drivers ka ƙara direban.

Sai sauti, kyamara, Bluetooth, da maɓallan ƙara haske. Rufe murfin na minti biyar ka buɗe, ka ga ko za ta farka. Wannan gwajin mutane na raina shi, alhali mu da ake yawan ɗauke mana wuta, laftof ɗin da ba ta yin barci batirinta ne ke shan wahala. Na'urar karanta zanen yatsa ita ce ta fi ƙin aiki, amma rashinta ba zai hana ka karatu ba.

In kana ganin tana ɗan nauyi, laifin filashin ne, bayan girkawa za ta fi haka sauri.

Abu ɗaya nake roƙonka: tambayi malaman sashenku manhajojin da za ku yi aiki da su. AutoCAD da Microsoft Office ba su da zubin Linux. LibreOffice na buɗe fayilolin Word, amma in AutoCAD ne dole, kada ka goge Windows, ka girka Linux kusa da ita. Kuma kwashe takardunka zuwa wani wuri kafin ka danna girkawa.