"Tea" da "cha": uwa ɗaya ta haife su

Tambaya: Malam, sarin ganyen shayi nake yi a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru. Ɗan Sin ɗin da ke turo mana kaya "cha" yake cewa, amma a jikin kwali "tea" da "thé" ake rubutawa. Shi ya ce in tambayo masa inda Bature ya samo tasa kalmar.

Amsa: Alhaji, gaya masa daga gidansu aka ɗauko ta. Harafin da Sinawa ke rubuta shayi da shi ɗaya ne, baki ne ya bambanta. A Sinancin Beijin da na Kanton "cha" ake cewa, mutanen gaɓar tekun Fujiyan kuwa su ce "te". Da 'yan Fujiyan fataken Holan suka yi hulɗa, su kuma suka kai ganyen Turai wajajen 1610, da sunansa a bakinsu. Daga wurinsu Faransa da Ingila suka karɓa. A 1658 har an fara tallarsa a jaridar Landan, kuma an daɗe Ingilishi na furta shi "te" kafin ya koma "ti".

Tamu kalmar, "shayi", ta wata hanya ta biyo: Farisa ta ce "chay", Larabawa suka ce "shay", Bahaushe ya ƙara wasali. Mai shayin bakin tasha ya fi Bature kusa da lafazin Beijin ke nan.

Ma'anar "tea" a Turanci ganyen ne da ruwan da aka dafa, sai dai a arewacin Ingila abincin dare ma "tea" ne.

Ga inda ake asarar kuɗi. Abin da Bature ke kira "black tea", Basine "hong cha" yake ce masa, wato jan shayi, kamar yadda Larabcin Cadi ke cewa "ahmar". Bature ya dubi busasshen ganye, Basine ya dubi launin ruwan cikin kofi. Idan tafinta ya juya "baƙi" kai tsaye ya rubuta "hei cha", wani kaya daban za a loda maka, ganye mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa wanda aka bari ya tsimu, kuma a Garwa sai ya tsufa a shago. Koren shayi "lü cha" ne. Shi ma kada ka tsaya ga suna, rubuta lambar nau'in ganyen a takardar oda: 3505 shi ne mai ƙwaya-ƙwaya, 41022 mai siririn ganye. Ka nemi samfuri ka dafa a buta kafin ka tura kuɗi.