Tambaya da Amsa: Kawu ya ce shafin makaranta ya fi ƙarfinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Bara na gina wa Islamiyyar unguwarmu shafin intanet da WordPress, manhajar gina shafuka, don a riƙa sa sanarwar hutu, jadawalin jarrabawa da hotunan saukar Alƙur'ani. Na ba shugaban makarantar, wanda kawuna ne, sunan shigata da kalmar sirrina. Shigarsa ta biyu ya taɓa wani abu, kamannin shafin suka sauya gaba ɗaya. Tun daga ranar ya ce shi ba ruwansa, ko layi ɗaya za a sa sai ya kira ni, ko da ina aji. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ga laifin Kawu. Mutum ya zo zaure zai ba da saƙo, kai kuma ka danƙa masa makullan gidan duka, har da na rumbu. Dole ya tsorata.

Wanda ya shiga WordPress a matsayin Administrator, wato mai cikakken iko, komai na buɗe masa: wurin sauya kamannin shafi, wurin girka ƙarin manhajoji, saituna, har da ikon goge sauran masu amfani. Kai da ka gina shafin kana buƙatar wannan. Kawu ba ya buƙata. Manhajar tana da matsayi biyar, kuma biyu ne suka shafe ku. Editor yana iya rubutawa, ya gyara rubutun kowa, ya wallafa, ya sa hoto, amma ba zai ma ga ƙofar saituna ko ta kamannin shafi ba. Author kuwa nasa rubutun kaɗai yake iya taɓawa. Buɗe wa Kawu sabon asusu a matsayin Editor, malaman ajujuwa kuma ka ba su Author. Za ka ga jerin maɓallan nan na gefen hagu da ake gani bayan an shiga ya ragu sosai, abin da ya ɓata a bara kuma ba zai sake samun hanyar ɓata shi ba. Akwai Contributor ma, amma ba na ba da shawararsa a nan, domin ba ya iya sa hoto, ga shi kun ce hotunan sauka kuke sawa.

Bayan haka, shiga da asusun nasa, ka duba sama ta hannun dama, akwai maɓallin Screen Options, inda ake zaɓar akwatunan da za su bayyana a allo. Cire alamar duk akwatin da ba ya amfani da shi, musamman na labarai da tarukan WordPress. Me ya haɗa shugaban Islamiyya da taron da ake yi a Amurka? Wannan saitin na kowane asusu daban ne, shi ya sa na ce da nasa za ka shiga.

Sai wurin rubutun kansa. Tun watan Disamba na 2018, da fitowar siga ta 5.0, WordPress ta koma tsarin tubali-tubali da ake kira Gutenberg, inda kowane sakin layi da kowane hoto ke zaman kansa. Matasa sun saba da shi. Amma na sha ganin dattijon da ya iya Microsoft Word sarai ya tsaya cak a gabansa, yana neman inda zai fara. Idan haka ta faru da Kawu, girka ƙarin manhajar Classic Editor, ta dawo masa da fili ɗaya na rubutu kamar takarda.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne wanda na san zai yi maka wuya. Wata ranar Alhamis da ba karatu, ka same shi, ka ce, "Kawu, don Allah a sa mana sanarwar hutun Sallah in gani." Sai ka ja bakinka ka yi shiru, ka ɗaure hannunka a baya. Duk inda ya yi jim, rubuta. Ni kaina na taɓa zama haka da wata sakatariya, sai na gano ashe matsalarta ɗaya ce: tana danna Save draft tana zaton ta wallafa, ta je ta duba shafi ba ta ga komai ba. Wata uku ina zargin sabis! Kuma ka lura da abin da yake riƙe da shi, in da waya yake shiga, a waya za ku gwada, ba a kwamfutarka ba.

Daga ƙarshe ka cire masa tsoro. Nuna masa cewa manhajar tana ajiye tsofaffin kwafin rubutu, ana iya komawa kansu, abin da aka goge kuma yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya ɓace. Sa shi ya goge sanarwa ɗaya da gangan, ya dawo da ita da hannunsa. Sannan ka rubuta masa matakan da Hausa a rabin takarda, ya liƙa a bangon ofis, ban da kalmar sirri. Taka kuma da ka ba shi bara, sauya ta yau.