Tambaya da Amsa: Na'ura ɗaya maimakon tarin fedojin jita

Tambaya: Malam, fedojina 5 (ƙananan na'urorin da ake takawa don sauya sautin jita) da wayoyinsu sun ishe ni a wajen biki. Wace na'ura guda za ta maye gurbinsu? Daga wani makaɗi, Garwa.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba wuta, ka san halinta. Boss GT-1, na'ura guda mai haɗa aikin fedoji da yawa, tana aiki da batir AA 4, wajen awa 7. Zoom G1X Four kuwa, wata irinta, ko ta USB tana cin wuta. Adafta ka nemi mai volt 9, tsakiyar bakinta negatif. Wadda ta juye tana iya ƙona na'urar.

In amfilifayar jita za ka jona, kashe kwaikwayon sifika (saitin cikin na'urar da ke kwaikwayon sautin sifikar jita), in ba haka ba sautin zai dushe kamar an lulluɓe shi da bargo. In miksa ce kai tsaye, kunna shi. Da hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle, ƙura na toshe ramin waya.