Kafin ki cika akwati da kuka da sassaƙe

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Tambayar da duk mai tahowa karatu Ingila daga Kaduna yake yi ita kika yi: me za ki ɗauko na miya da na magani?

Kilishi, dambun nama da man shanu, ki cire su daga lissafi. Nama da kayan nono ba sa shigowa a jakar matafiyi daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Ɗanyen ganye da iri kuma sai da takardar lafiyar tsiro daga NAQS, hukumar Najeriya mai binciken lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa. Busasshe ki nema: kuka, karkashi, zogale, kuɓewa, zoɓo, da cittar Kachia.

Wajen shanya ake yin asara. Zogale a inuwa ake baza shi, kwana 3 zuwa 4 in akwai iska, don rana tana kashe korensa. Ki murza a tafin hannu. In bai ruguje ba, da sauran danshi, kuma cikin leda zai yi funfuna, ga ɗakunan ɗalibai a nan da laima lokacin sanyi. Garin kukar da kika sayo a kasuwar Kawo ki sake tankaɗe shi saboda yashi, ki sa a firiza kamar mako guda don ƙwari su mutu. Cokali 2 ya ishi tukunyar mutum ɗaya, don haka kilo 1 zai kai ki watanni. Daddawa a roba mai murfi, in ba haka ba har littattafanki sai sun ɗauki warinta. Kowane ƙulli ki rubuta sunansa da Turanci.

Abin da ke ɓata min rai shi ne ƙullin sassaƙen da 'yan uwa ke cusa wa matafiyi ba suna ba ma'auni. Kada ki karɓa. In an buɗe jakarki, ke za ki amsa. Zoɓo ma yana sauke hawan jini, mai shan maganin asibiti ta gaya wa likita. Mai ciki ta nisanci saiwar zogale da ɓawonsa.

Kuma don Allah kada ki tsinki ganye a nan don ya yi miki kama da tafasa ko lalo. Akwai hemlok, ganyensa kamar na karas, a gefen hanya da bakin rafi yake fitowa, kaɗan daga cikinsa yana tsayar da numfashi.