Maganar kajin KFC masu ƙafa takwas

Kana tambaya ko gaskiya ne an maida Kentucky Fried Chicken ya koma KFC saboda wai ba kajin gaske suke soyawa ba, wasu halittu ne da ake ƙerawa a ɗakin gwaji. A'a malam, ƙarya ce tsagwaronta, tsohuwar jita-jita ce da take yawo tun kafin zuwan WhatsApp. A 1991 suka gajarta sunan, kuma babban dalili shi ne kalmar Fried wato soyayye, lokacin mutanen Amurka sun fara gudun maiƙo, ga sunan ma dogo ne. Shi kansa Kanar Harland Sanders da ya faro sana'ar a garin Corbin na jihar Kentucky ya sayar da kamfanin tun 1964 kan dala miliyan 2, ya rasu a 1980, bai ma ga canjin sunan ba. A China kuwa har kotu kamfanin ya kai wasu kamfanoni uku a 2015 da suka yaɗa hotunan kaza mai fikafikai shida da ƙafa takwas, aka ci su tara.

Ni dai abin da na gani a tafiye-tafiyena, abin dubawar shi ne yanka. A Ingila wasu rassan ne kawai suke sayar da kazar halal wasu kuma babu, to idan ka fita waje ka tambaya kafin ka saya, kar ka ɗauka duk ɗaya ne da wanda ka saba ci a Abuja.