Amsar tambayarki kan wasiƙar 'yan Kweka

Wa'alaikissalam 'yata, na ga saƙonki tun jiya, ciwon ƙafar nan ne ya hana ni zama in amsa miki. Kin ce maƙwabciyarki 'yar Kweka, wato ɗarikar nan ta Kirista, a can Ingila ta kai ki wajen taronsu, aka karanta wata wasiƙa kowa yai tsit, shi ne kike tambaya ko fatawa ce ko doka. To ba ko ɗaya, nasiha ce, kuma al'adar ta haura shekara 350.

Kin san mutanen nan tun asali ba su da fasto ko wani babba mai ba da umarni, ga su a warwatse ƙauye-ƙauye, ga hukuma na ta cusa su kurkuku, to me zai haɗa kansu in ba takarda ba? George Fox da ya assasa tafiyar shi kaɗai ya bar wasiƙu sama da 400, gidan Margaret Fell kuwa, ɗaya daga cikin jagororinsu na farko, a Swarthmoor kamar gidan waya ya koma.

Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce ta 1656, da dattawansu suka zauna a Balby cikin Yorkshire suka rubuta shawarwari 20, maganar aure, kula da talaka, rubuta haihuwa da mutuwa, sai a ƙarshe suka ce wannan fa ba ƙa'ida muka ɗora muku ba, mun faɗa ne don hasken da ke zuciyar kowa ya ja shi. Dattijo ya gama nasiha sannan ya ce ban ɗaure ka ba, wallahi abin nan ba ƙaramin tawali'u ba ne, ni kaina da nake yi muku faɗa kullum ban cika iya shi ba.

A 1682 taronsu na shekara a Landan ya fara yi wa wakilan yankunansu tambayoyi uku, ciki har da su wa suka mutu a kurkuku. Yanzu shawarwari da tambayoyin na Birtaniya sun zama sakin layi 42 a wani ɗan jan littafi, ana karanta ɗaya a yi shiru kowa ya auna kansa. Duk shekara kuma suna fitar da wasiƙa zuwa ga 'yan'uwansu na ko'ina, har Kenya inda suka fi yawa.

Ki roƙe ta aron littafin ki duba, in kin dawo hutu ki ba ni labari. Ki gaida ƙannenki.